Jan Kati a Matakalar Renske

A layinmu ba a sakin labule da rana. Tagogin falonmu manya ne, a buɗe suke daga safe har magariba, mai wucewa yana ganin abin da ke kan teburinka, kai ma kana ganin abin da ya sayo a kanti. In ka ga labule a sake da rana tsaka, to ɗayan biyu ne: ko an yi rashi a gidan, ko akwai abin da ake ɓoyewa.

Tagar Renske Postma tana kallon tawa, taku goma sha biyu ne tsakaninmu. Shekararta tamanin da ɗaya. Tun da aka yi mata aiki a ƙugu aka sauko mata da gadonta falo, domin matakalar tsofaffin gidajen garinmu Harlingen tsani ce kawai aka yi mata suna mai daɗi. A falon take kwana, a nan kujerarta take jikin taga, kusa da tukunyar jan furenta. Banɗaki yana zaure, taku huɗu daga gadonta. Shi kaɗai ne a gidan, kamar yadda yake a nawa.

Da korona ta zo aka rufe makarantu, sai aka ce ni ma, mai shekara sittin da uku, in koyar da 'yan aji uku ta kwamfuta. Rabin yaran silin ɗakinsu nake gani, sauran kuma karnukansu suke nuna mini. Ƙarfe goma in na ba su hutu, sai in ɗauki gahawata in tsallaka, in tsaya a wajen tagar Renske. Ita tana ciki da tata, ta ja igiya ta buɗe ɗan murfin tagar na sama, mu yi hira. Doka ba ta hana wannan ba.

"Maƙwabciya, yau hanci nawa kika koyar?" Haka take tambayata, don na faɗa mata yaran manna fuska suke yi a jikin kwamfuta.

"Ashirin da biyu, da kyanwa ɗaya."

"Kyanwar za ta fi su. Ki ba ta na ɗaya."

Ba ni kaɗai nake tsayawa ba. Mai kawo wasiƙu yana ƙwanƙwasa gilas ya ɗaga mata hannu, masu yawo da kare suna tsayawa, 'yan cocinsu suna zuwa bibbiyu. Tagar nan ita ce kasuwarta, ita ce kuma cocinta tun da aka rufe na gaske.

A mako na uku na kullen korona, ɗan Renske Douwe ya iso daga Amsterdam da matarsa Marloes. Na tsaya ina kallon abin da suke fitarwa daga mota: allunan kwamfuta uku, kujera mai taya, da wata fitila zagayayya kamar faifai a kan sanda. Akwatin tufafi ɗaya ne. Douwe yana da shekara arba'in da huɗu, kuma ni na koya masa karatu yana ɗan aji ɗaya. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya yadda layin duka zai ji.

"Malama Ineke, mun zo kula da Mem. Ba za mu bar mahaifiyata ita kaɗai a wannan hali ba."

Bai ce gidansu na Amsterdam ciki ɗaya ne da kicin ba, bai kuma ce sun yi mako biyu suna taro a teburi ɗaya har sun daina gaisawa ba. Wannan daga baya Marloes ta yi suɓul da baka ta faɗa. Layin ya yaba, aka ce ga ɗan kirki. Renske ta sa aka kawo mata burodin sukari, ta kuma sa ɗankunnenta na Lahadi a ranar Laraba.

Bayan kwana uku na tsallaka da gahawata, sai na tarar da Douwe a bakin tagar, a kan kujera mai taya, fuskarsa na kallon titi, littattafan marigayi mahaifinsa jere a bayansa. Babu gado, babu kujerar Renske, babu fure. Agogon bangon da ya yi shekara hamsin yana bugawa a falon ya yi tsit. Douwe ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya nuna abin sauraron da ke kunnensa. Na jira har gahawata ta huce, sannan ya fito ya tsaya daga nesa yadda doka ta ce.

"Ina Renske?"

"Mun mai da ita sama, Malama. Don lafiyarta. Mu ne masu fita kanti, in mun kwaso cutar fa? A sama ita kaɗai ce, iskarta daban."

"Da ƙugun nan?"

"Ai motsi magani ne, duk likitoci haka suke cewa. Hawa da sauka zai ƙarfafa ta." Ya waiga ya dubi tagar. "Kuma gaskiya hasken falon nan ba a samun irinsa. Na gwada sama, fuskata ta fito kamar ta wanda 'yan sanda ke nema."

"Agogon fa?"

"Bugawa yake a tsakiyar magana."

Aikin Douwe shi ne koya wa ma'aikatan kamfanoni yadda za su kula da lafiyarsu suna aiki daga gida. Murfin tagar na sama a buɗe yake barinsa, saboda haka layinmu ma ya samu darasin kyauta. "Abu uku ne, abokan aiki," haka yake farawa. "Ku zauna kusa da hasken rana. Ku miƙe duk bayan awa ɗaya. Sannan ruwa, ruwa, ruwa. Kofi takwas a yini." Yana da wata doguwar gora mai zane-zanen awoyi a jikinta, yakan ɗaga ta ya nuna. In ya zo ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce shi ma da suke ganinsa ya baro Amsterdam ne don ya kula da mahaifiyarsa, kuma ya san sadaukarwa ba sauƙi.

Tagar sama ƙarama ce, kuma tana da nisa da ƙasan ɗakin. In Renske ta zauna, farin gashinta kawai nake hangowa, da tukunyar furen, wadda ita kaɗai aka bari ta bi ta. Sai na koma kiranta a waya ƙarfe goma. Ranar farko da ƙyar na ji ta.

"Me ya sa kike raɗa?"

"Katako ne kawai tsakanina da manyan mutane. In na yi tari sai an ji a Jamus."

"Kina saukowa kuwa?"

"In kati ya yi kore."

Ta yi mini bayani. Douwe ya yanka kwali, gefe ɗaya ja, ɗaya kore, ya rataye shi da zare a gindin matakala, inda za ta hango in ta leƙo. Ja yana nufin ana taro: kada a taka matakala don tana kuka, kada a ja ruwan banɗaki don bango ɗaya ne da falo. Douwe yana falo, Marloes tana kicin tana amsa kiran abokan cinikin wani kamfanin inshora. In taronsa ya ƙare, nata ya fara. Juya kati zuwa ja ba a taɓa mantawa ba. Mayar da shi kore ne ake mantawa.

"Ɗana mai tsari ne," in ji ta. "Burodi da cuku ƙarfe sha biyu da rabi, a kan tire, a matakala ta uku daga sama. Kamar fursuna mai daraja."

A lokacin tana dariya, ni ma na taya ta.

Abin da ya faru ranar Talatar mako na biyu da zuwansu ban gani ba, ita ta ba ni labari daga baya, kuma Renske ba ta ƙari a magana. Kati ya yi ja tun takwas da rabi. Ta sha gahawar safe, ta haɗiyi maganin hawan jininta wanda yake sa fitsari. Ta leƙa ƙarfe tara, ja. Ta leƙa goma, ja. Sha ɗaya da kwata ta kasa. Ta juya ta sauko da baya kamar mai saukar tsani, matakala goma sha huɗu, kowace tana kai ƙararta. Ta shiga, ta gama, ta ja ruwa. Douwe yana tsakiyar jawabi ga mutum ɗari biyu.

Bai yi ihu ba. Douwe ba ya ihu, an tura shi kwas ya koyi yadda ake magana da mutane. Da taron ya ƙare ya same ta a zaure, ta zauna a matakalar ƙasa tana tara ƙarfin hawa.

"Mem, mu yi magana kamar manya. Wane launi ne katin nan?"

"Ja."

"To me muka ce ja yake nufi?"

"Douwe, mara ba ta san launi ba."

"Mutum ɗari biyu, Mem. Har da shugabata. Wani ya rubuta, ga wanda ya cika kofi takwas ɗinsa. Ni aka yi wa dariya. Aikin nan shi ya ba mu damar zama a nan muna kula da ke. Ba na neman komai, sai dai ki ɗan tsara kanki."

Marloes ta leƙo daga kicin, hannu ɗaya a kan abin maganarta. "Ai mun yi odar kujera mai fo, Renske. Kamfanin ne bai kawo ba, kin san yadda abubuwa suke yanzu. Kafin nan ga bokiti."

"Wa zai riƙa saukowa da shi?"

Douwe ya dubi agogon hannunsa. Marloes ta ce an kira ta.

Renske ta hau, ta kuma tsara kanta kamar yadda aka nema. Ta daina sha.

Da shayin la'asar ta fara. Da ta ga ya yi aiki, sai ta haɗa da gahawar safe. In an kawo miyar wake sai ta tsince waken da naman ta bar ruwan. Magani kuma da kurɓi ɗaya take tura shi. Ta san in kofi ya koma a cike Douwe zai hau ya yi mata darasin kofi takwas daga bakin ƙofa, saboda haka sai ta riƙa juye komai a tukunyar fure. Ta haka ta kai ga sauka sau biyu kawai a yini, kafin su fara aiki da bayan sun tashi. Katin ya daina damun kowa.

A waya na ji muryarta ta bushe, harshenta yana mannewa in tana magana. Na tambaya, ta ce mura ce. Ta daina tambayata hanci nawa na koyar. In na ba ta labarin yara sai ta ce "To" kawai. Wata rana ta tambaye ni ko yau Lahadi ce, na ce Laraba ce, ta ce duk ɗaya ne daga nan sama. Na kuma ga ganyen furen ya fara rawaya yana zubewa. Shekara tara furen nan yana hannunta, bai taɓa yin haka ba. Na gani, na ce wa kaina rashin haske ne, na koma wajen 'yan ajina.

Ranar fitar da shara na tare Marloes a ƙofa.

"Renske lafiya kuwa? Muryarta ba ta yi mini ba."

"Ai ta saba sosai. Yanzu ko motsinta ba ma ji. Kofi kullum wayam yake dawowa." Ta dafa bayanta. "Da farko an ɗan sha wuya, kin san tsofaffi da canji. Mu ma fa fama muke. Ni a kicin nake yini, a kujerar katako, bayana kamar zai ɓalle. Kowa a gidan nan akwai abin da ya haƙura da shi."

"In hau in gan ta? Zan rufe baki da hanci, in tsaya a ƙofa."

"Haba Malama, ke da kike koya wa yara bin doka? In wani abu ya same ta wa za a ce ya kawo?"

Maganarta tana da kan gado, ni kuma mai son tsari ce. Na juya zan tafi, sai idona ya faɗa cikin zauren ta ƙofar da ta bari a buɗe, na ga katin yana lilo a gindin matakala. Na san shi. Nawa ne.

Shekara talatin da takwas da suka wuce, ina sabuwar malama, na rataye irinsa a ƙofar ajina: in ja ne ana darasi, ba mai fita. Douwe yana ɗan shekara shida, yaro mai biyayya, ya dubi ja ya yi ta matsewa har abin ya zubo a ƙasan benci, yara suka yi masa dariya. Washegari Renske ta shigo ajin da rigar girki a jikinta, ta cire katin daga ƙusa, ta raba shi biyu, ta ajiye mini a tebur. "Malama, ki koya masa karatu," in ji ta. "Mararsa ba taki ba ce." Ban sake rataye kati ba har yau.

Da yamma na jira Douwe ya fito gudun motsa jikinsa, na tuna masa. Na faɗa masa a hankali, yadda nake gaya wa iyaye abin da ba za su so ji ba. Ya saurara yana tsalle a wuri ɗaya don kada jikinsa ya huce.

"Kai, Malama, kina da tuna abu," ya ce yana murmushi. "Ni abin da na riƙe shi ne ajinki ya fi kowane aji shiru. Daga nan ma na samo dabarar."

Ya sa abin kunnensa ya tafi. Ni kuma na koma gida, na ce zan ba su mako ɗaya in gani. Wannan makon yana wuyana, ba na kuma ɗora wa kowa shi.

Ranar Alhamis ta mako na biyar da zuwansu, ƙarfe goma, ban hangi farin gashi a tagar sama ba. Waya ta yi ta ringi. Da aka ɗauka sai na ji numfashi, sannan raɗa.

"Sietse, jirgin ya shigo?"

Sietse mijinta ne. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa.

Na bar yara ashirin da biyu a kwamfuta ba sallama, na zaro makullin gidanta daga ƙugiya, don kowa a layinmu yana riƙe da na maƙwabcinsa. Douwe ya gan ni ta taga ina tsallakowa, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na buɗe na shiga. Kati ja ne. Na hau, kuma ban ɗaga wa matakala ko ɗaya ƙafa ba, kowace sai da ta yi kukanta.

Ɗakin yana warin tsohon shayi. Tukunyar furen ta cika ta tumbatsa, ruwan ya bi bango ya yi baƙi, furen ya ruɓe daga gindi. Renske tana kwance a kan gado da rigarta da takalminta, kamar wadda ta shirya sauka tun safe. Leɓenta ya tsage, idanunta sun faɗa. Na kama fatar hannunta na saki, ta tsaya a tsaye yadda na kama ta. Na kira sunanta da ƙarfi. Ta buɗe ido, ta kai yatsa bakinta.

"Yi a hankali," ta ce. "Ja ne."

Masu motar asibiti sun zo cikin minti goma, fuska a rufe. Suka dubi matakalar, suka dubi gadon ɗaukar majiyyaci, suka kira 'yan kwana-kwana, kamar yadda ake yi a tsofaffin gidajenmu in mara lafiya yana sama. Babbar jar mota ta toshe layin, aka miƙa dogon tsani mai faffaɗan kai, aka cire tagar sama gaba ɗaya da katakonta. Kowane gida mutane sun tsaya a bayan gilas suna kallo.

Douwe ya fito, abin kunne ɗaya yana kunnensa, ɗaya a hannu. Ya firgita, ba zan hana shi wannan ba. Ya tambayi mai motar asibiti ko korona ce, aka ce ba a sani ba tukuna. Sannan ya matsa wajen shugabar 'yan kwana-kwanan, wata ƙatuwar mace mai jajayen kumatu.

"Kamar minti nawa zai ɗauka? Ba don komai ba, ƙarar injin ce take shiga."

"In kashe injin, mu bar ta a rataye?"

"A'a, a'a. Tambaya kawai na yi."

Aka sauko da ita a hankali, a ɗaure a gado, ta wuce ta gaban babbar tagarta. A ciki fitilar faifai tana ci, tana haska kujerar da ba kowa, da doguwar gora cike har wuya.

Ba korona ba ce. Likita ya ce ƙodarta ce ta kusa tsayawa saboda rashin ruwa, da an ƙara yini ɗaya da sai dai wani labarin. A garin da kakanninmu suka ƙare rayuwarsu suna korar ruwa daga ƙofar gida, teku na ƙarshen layi, kogi na bayan katanga, famfo uku a cikin gidan, ƙishirwa ta kusa kashe mace a kan gadonta, ɗanta yana ƙarƙashinta, katako kawai tsakaninsu, yana koya wa baƙi shan ruwa.

Douwe bai rasa bayani ba. Ga mai kawo wasiƙu ya ce tsofaffi ba sa jin ƙishirwa, wannan kimiyya ce. Ga 'yan coci ya ce ai katin shawara ce, ba doka ba. Ni kuma ya ce mini, "Me ya hana ta faɗa? Mu gida ne na magana a fili. Kullum ina gaya mata ƙofata a buɗe take." Kujera mai fo ta iso kwana biyu bayan tafiyarta, Marloes ta nuna wa duk wanda ya wuce takardar odar don a ga ranar. Kafin mako ya zagayo na ji sabon darasi yana fitowa ta murfin taga, a kan abin da rashin lafiyar mahaifiyarsa ya koya masa. An ce shi ne jawabinsa da aka fi so. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai hana ta abinci ba, tirenta bai taɓa latti ba. Ya dai auna mahaifiyarsa da ƙarar matakala, ya ga ƙarar ta fi nauyi, sannan ya samo wa abin suna mai kyau. A watannin nan an yi ta yabon waɗanda suka iya mai da gida ofis. Ba a tambayi waɗanda aka matsar don ofis ya samu wuri ba, ni ma da nake taku goma sha biyu daga wurin sai da na makara.

Bayan kwana goma sha biyu asibiti ya ce za a sallame ta, da sharaɗin gadonta ya kasance a ƙasa, kusa da banɗaki. Douwe ya zo ƙofata da kansa.

"Matsalar ita ce lokaci, Malama. Ina da babban taro ƙarshen wata, kuma mutane sun saba da bangon littattafan nan, ya zama kamar tambarina. Mun yi tunanin gidan tsofaffi na ɗan lokaci. Akwai ƙwararru a can."

Gidajen tsofaffi a lokacin a kulle suke ba a shiga, kuma daga can aka fi fitar da gawa. Ya sani, don shi ya fi kowa karanta labarai.

"A kawo ta falona," na ce.

"To ke a ina za ki yi aiki?"

Na ɗauki kwamfutata na kai teburin kicin. Minti ashirin abin ya ci, har da neman doguwar waya. Hasken kicin ɗina ba shi da kyau, kuma har yau ba yaron da ya kawo ƙara.

Renske ta dawo rabin yadda take, tana tafiya da keken turawa, amma bakinta ya dawo kafin ƙafarta. Na ce mata gidan can na tsallake nata ne, kalma ɗaya za ta faɗa su kwashe allunansu.

"Ba zan kori ɗana ba, maƙwabciya. Ban taɓa ba."

"To me za ki yi?"

"Zama zan yi. Matso mini da kujerar nan jikin taga, ki cika mini babbar butar shayinki da ruwa."

Haka ta zauna, daga takwas da rabi har biyar, taku goma sha biyu daga fuskarsa. Duk lokacin da ya ɗago kai daga allo, tana nan. In ya ɗaga gorarsa ya ce ruwa, ruwa, ruwa, sai ta ɗaga kofinta saitinsa, ta shanye, ta kife shi don ya ga ba saura. In ta shiga banɗakina sau biyu take jan ruwa, ta ce na farko na yau ne, na biyu ramuwa. Mai kawo wasiƙu ya koma ƙwanƙwasa gilashina. Masu yawo da kare da 'yan coci suna tsayawa su gaishe ta, in sun gama sai su juya su dubi tagar da ke tsallake, su ɗan jima, su wuce. 

A rana ta uku na ji ya manta abu na uku a cikin abu ukunsa. A rana ta huɗu ya rufe murfin tagar. Ranar Litinin, ƙarfe sha ɗaya, rana tana tsakiyar haskenta, Marloes ta shiga falon Renske ta ja labule daga hagu, ta ja daga dama. Labulen nan rabonsa da haɗuwa da rana tun ranar da aka fitar da Sietse. Hasken da aka hau da tsohuwa sama dominsa ya tsaya a waje.

Renske ta daɗe tana kallon tagarta. Sannan ta ajiye kofi a hankali.

"Maƙwabciya, tsallaka ki tambayo mini wa ya rasu."

"Ba wanda ya rasu, Renske."

"To ɗayan ne ke nan." Ta turo mini kofin. "Cika mini."